Daga bariki zuwa unguwa: yadda tsofaffin sojoji ke riƙe hannun junansu a Tamale

Kowace shekara akwai sojojin da ke ajiye kaki a barikokin Tamale, babban birnin arewacin Ghana, su koma zaman farar hula a unguwanni irin su Sakasaka, Aboabo, Zogbeli da Lamashegu. Wasunsu sun shafe fiye da rabin rayuwarsu ƙarƙashin umarni: an san lokacin tashi, an san lokacin fareti, an san ranar albashi. Ranar da aka miƙa wa mutum takardar sallama, duk wannan tsari yakan tsaya cak.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da ƙasashe ke bi don sauƙaƙa wannan sauyi ita ce haɗa sabon fita da tsohon sojan da ya riga shi fita, domin ya ja shi har ya tsaya da ƙafafunsa. Ga bayani kan abin da wannan hanya ta ƙunsa, inda ta samo asali, da kuma yadda take shafar wuri kamar Tamale.

Me ake nufi da jagorancin ɗan'uwa?

Jagorancin ɗan'uwa shi ne tsohon soja ya ɗauki nauyin raka wani sojan da ke shirin barin aiki, ko wanda bai daɗe da bari ba. Jagoran ba likita ba ne, ba ma'aikacin ofishin fansho ba ne, kuma ba ya ba da umarni. Jarinsa shi ne ya bi hanyar kafin wanda yake ja, ya san inda ramuka suke.

Aikin yakan kasu kashi uku. Na farko shi ne na takardu da kuɗi: bin sawun fansho da garatuti, sabunta katin inshorar lafiya, neman muhalli. Na biyu shi ne na sana'a: wace hanya mutum zai bi ya ci abinci, kuma wa zai gabatar da shi ga masu ita. Na uku, wanda ya fi wuyar gani, shi ne na zuciya: samun wanda za a gaya wa abin da ba a iya gaya wa mata ko 'ya'ya.

Dalilin da ya sa ake fifita tsohon soja a kan wani shi ne amana. Horon soja yana koya wa mutum ya haɗiye ciwonsa, don haka da wuya ya buɗe baki gaban wanda bai taɓa kwana a rami ba. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, haka abin yake a tsakanin masu kaki.

Abin da soja ke rasawa ranar sallama

A Ghana, an ƙara wa'adin aikin ƙananan sojoji daga shekara 25 zuwa 30 a 'yan shekarun nan. Wanda ya shiga kurtu yana da shekara 20 zai fita yana da kimanin 50, da sauran ƙarfinsa, kuma sau da yawa da 'ya'ya a makaranta.

Abu na farko da zai fuskanta shi ne muhalli, musamman idan a gidan bariki ya rayu. A biranen Ghana masu gidaje kan nemi kuɗin hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, duk da cewa doka ta taƙaita shi zuwa wata shida. Wanda ya so gina nasa kuma zai shiga harkar fili, wadda a ƙasar Dagbon take hannun sarakuna. Sai mutum ya samu takardar rabo daga sarki, sannan ya je hukumar filaye ta gwamnati a yi masa rajista. Wanda bai san matakan nan ba yana iya sayen filin da aka riga aka sayar wa wani.

Abu na biyu shi ne kuɗin sallama. Kuɗi ne mai kauri da ke shigowa sau ɗaya, kuma kowa a dangi ya san ranar shigowarsa. Ga masu buƙata ta gaskiya, ga masu kawo shawarar kasuwanci mai riba ninki biyu. Rushewar kamfanin ba da lamuni na DKM a tsakanin 2015 da 2016 ta cinye ajiyar mutane masu yawa a tsakiya da arewacin ƙasar, haka ma rufe kamfanin zinariya na Menzgold a 2018, wanda rahotanni suka nuna akwai sojoji cikin waɗanda kuɗinsu ya maƙale a ciki.

Abu na uku shi ne matsayi. Samanjan da ɗaruruwan sojoji ke ƙamewa idan ya yi tsawa, a unguwa shi ma mazaunin gidan haya ne kamar kowa, yana bin layin famfo. A gida kuma, matar da ta saba tafiyar da komai ita kaɗai a lokacin da yake bakin daga ba lallai ta miƙa ragama cikin sauƙi ba, 'ya'ya ma ba kurata ba ne.

Abu na huɗu shi ne abin da ido ya gani. Tun daga Kwango a 1960, sojojin Ghana ke zuwa aikin kiyaye zaman lafiya: Labanon, Laberiya, Saliyo, Ruwanda, Cote d'Ivoire, Mali, Sudan ta Kudu. A cikin gida ma an tura su rikicin Konkomba da Nanumba a 1994, da Yendi bayan kisan Ya-Na Yakubu Andani na biyu a 2002, da kuma Bawku. Wasu kan dawo da rashin barci, mugun mafarki, saurin fushi da firgita idan an buga ƙofa da ƙarfi. Muddin mutum yana cikin abokan aiki abin kan lafa, sai ya kaɗaita yake tasowa.

Tamale, garin soja

Turawan Ingila sun mayar da hedkwatar yankunan arewa daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, tun daga lokacin kuma garin bai rabu da soja ba. A yau nan ne hedkwatar rundunar arewa take. Akwai barikin Kamina, mazaunin bataliya ta 6, akwai barikin Bawa, inda sojojin lema suke, ga kuma sansanin sojojin sama.

Sunan Kamina kansa tarihi ne. Kamina wuri ne a Togo, kusa da Atakpame, inda Jamusawa suka kafa babbar tashar sadarwa. Dakarun Ingila da na Faransa sun nufe ta a farkon yaƙin duniya na ɗaya, Jamusawan Togo suka miƙa wuya a ranar 26 ga Agustan 1914. A wannan yaƙin ne Alhaji Grunshi, sojan rundunar Gwalkwas, wato Ghana ta zamanin mulkin mallaka, ya shiga tarihi a matsayin sojan Birtaniya na farko da ya harba bindiga a yaƙin duniya na ɗaya.

Alaƙar soja da Hausa ta girmi wannan. A 1863 John Glover ya kafa ƙaramar runduna ta Hausawa a Legas, aka yi amfani da wasunsu a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. A 1879 Gwalkwas ta samu tata rundunar, wadda aka daɗe ana kiranta ta Hausawa, ko da yake da tafiya ta yi tafiya yawancin kuratanta Dagomba ne da Mossi da Gurunsi da Frafra da sauran kabilun arewa. Hausa ce ta zama harshen bariki, ita ce ke haɗa su. Da yawa daga cikin waɗanda aka sallama ba su koma ƙauyukansu ba, sai suka zauna a zango, inda wanda ya riga fita ke ba sabon zuwa masauki, ya nuna masa sarkin zango, ya samar masa aikin gadi ko na ɗan doka. Jagorancin ɗan'uwa ke nan tun kafin a raɗa masa suna.

Darasin 1948 da na Thiaroye

Fiye da mutum 60,000 daga Gwalkwas suka yi aikin soja a yaƙin duniya na biyu, da yawansu a dazukan Bama, Myanmar ta yau. Sun dawo suka tarar da tsadar kaya, ga rashin aiki, ga alkawuran da ba a cika ba. Suka haɗu a ƙungiyar tsofaffin sojoji, suka rubuta takardar koke.

A ranar 28 ga Fabrairun 1948 suka yi maci a Accra, ba makami, suka nufi fadar gwamna Gerald Creasy da ke Osu. 'Yan sanda suka tare su a mararraba, babban jami'insu Colin Imray ya buɗe wuta, ya kashe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Tarzoma ta ɓarke na kwanaki, aka kama shugabannin siyasa shida, ciki har da Kwame Nkrumah, aka tsare su a arewacin ƙasar. Binciken da ya biyo baya shi ya buɗe ƙofar sabon tsarin mulki, har Ghana ta samu 'yanci a ranar 6 ga Maris 1957. Har yau ana ajiye furanni a wurin kowace ranar 28 ga Fabrairu.

A ɓangaren ƙasashen renon Faransa labarin ya fi muni. A ranar 1 ga Disamban 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta kan sojojin Afirka da suka dawo daga hannun Jamusawa suna neman haƙƙinsu. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi na cewa adadin ya zarce haka nesa ba kusa ba. Sai a Nuwamban 2024 shugaba Emmanuel Macron ya kira abin da sunan kisan gilla. A 1959 kuma Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta rena, ciki har da Nijar, ba a daidaita shi da na Faransawa gaba ɗaya ba sai a 2011. Cikin waɗannan shekaru, gidajen 'yan mazan jiya da ke birane da dama na yankin su ne wurin da tsofaffin ke haɗuwa, mai ilimin boko ya rubuta wa marar shi takarda, mai lafiya ya duba marar lafiya.

Tarihin biyu sun nuna abu guda: idan hukuma ta juya baya, tsohon soja ɗan'uwansa yake nema. Haɗuwar tasu kan iya zama magani, kan kuma iya zama wuta, gwargwadon yadda aka riƙe su.

Yadda aka mayar da shi tsari

Tsarin zamani ya faro ne a Amurka. A 1970 wasu sojojin da suka dawo daga Vietnam suka fara zaman tattaunawa a New York, suna faɗa wa juna abin da ke damunsu, tare da likitocin ƙwaƙwalwa irin su Robert Jay Lifton da Chaim Shatan da ke zama a matsayin abokan zama. A 1979 majalisar dokokin ƙasar ta amince da buɗe cibiyoyin tsofaffin sojoji a cikin unguwanni, nesa da manyan asibitoci, yawancin ma'aikatansu kuma tsofaffin sojoji ne. A 1980 likitoci suka shigar da ciwon firgici na bayan tashin hankali cikin jerin cututtukan da aka amince da su. A 2012 shugaba Barack Obama ya ba da umarnin ɗaukar tsofaffin sojoji 800 aikin tallafa wa 'yan'uwansu.

Misalin Kanada ya fi kusa da Ghana, domin daga Ruwanda ya samo tushe. A lokacin kisan kiyashin 1994, janar Roméo Dallaire na Kanada ne ke jagorantar dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya, mataimakinsa kuma Henry Kwami Anyidoho na Ghana. Da wasu ƙasashe suka janye nasu sojojin, ɗaruruwan 'yan Ghana suka tsaya, suka kare dubban fararen hula. Dallaire ya fito fili daga baya ya bayyana irin ciwon da ya koma gida da shi. Wani hafsan Kanada da shi ma ya yi aiki a Ruwanda, Stéphane Grenier, ya kafa shirin tallafin ɗan'uwa a rundunar ƙasarsa a 2001, inda ake horar da waɗanda suka sha irin wannan ciwo suka farfaɗo, su riƙa raka wasu.

A birnin Buffalo na Amurka, alƙali Robert Russell ya buɗe kotun musamman ta tsofaffin sojoji a 2008, inda ake haɗa wanda ake tuhuma da jagora tsohon soja. Faransa ta kafa hukumar sauya wa sojoji sana'a mai suna Défense Mobilité a 2009, sannan a 2021 ta fara buɗe gidajen Athos domin sojojin da yaƙi ya taɓa wa zuciya. A Najeriya, cibiyar Oshodi da ke Legas na koya wa sojoji sana'o'i kafin su yi ritaya.

Yadda ake gudanar da shi

Duk da bambancin ƙasashe, shirye-shiryen da suka ɗore suna da ƙa'idoji kusan iri ɗaya.

Ana farawa tun kafin sallama, da watanni, lokacin da mutum bai riga ya taɓa kuɗinsa ba. Ana zaɓen jagoran da shi kansa ya daidaita, ya yi 'yan shekaru a waje. Ana ba shi horo kan sauraro, riƙe sirri, da gane alamun haɗari. Ana kula da muƙami wajen haɗawa, domin kofur ba zai saki jiki da tsohon kanar ba, zai dai ƙame ya ce komai lafiya. Mata tsofaffin sojoji kuma sun fi sakewa da mata 'yan'uwansu.

Ana sa wa haɗuwar lokaci, kamar sau ɗaya ko biyu a wata har tsawon shekara, kuma jagoran ne ke nema, ba ya jira a neme shi. Wanda ya fi buƙatar taimako shi ne wanda ba zai taɓa buga waya ba. Akwai kuma iyakar da ba a ƙetarewa: babu rance tsakanin jagora da wanda yake ja, babu haɗa jari, babu jan mutum zuwa wata jam'iyya.

Abin da ake da shi a Ghana

Hukumar da doka ta ɗora wa kula da tsofaffin sojoji ita ce VAG, wadda dokar majalisa mai lamba 844 ta 2012 ta kafa ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, ta gaji ƙungiyar da ke ɗauke da waɗannan haruffa tun 1974. Tana da rassa a jihohi, tana kula da gidajen tsofaffin sojoji marasa galihu irin na Amasaman kusa da Accra, kuma ita ce ke sayar da jan furen tunawa da 'yan mazan jiya gabanin bikin 11 ga Nuwamba. Taron reshe, jana'izar abokin aiki da faretin tunawa su ne wuraren da sabon fita ke cin karo da waɗanda suka riga shi.

Sauran aikin kuwa a unguwa ake yin sa. Sakasaka, wadda ke cikin garin Tamale kuma aka santa da rukunin makarantunta, misali ce ta unguwar da tsohon soja ke komawa: gidajen haya na tsakar gida ɗaya, masallatai, shaguna, majalisun shayi, ana jin Dagbani da Hausa da Ingilishi. A irin wannan wuri jagora na iya yin abin da ofis ba zai iya ba. Shi zai kai sabon zuwa ya gaida limami ko fasto da masu unguwa, ya shigar da shi adashi, wanda a Ghana ake kira susu, ya gaya masa cewa damina ɗaya ce a arewa, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, don haka wanda ya zuba garatutinsa duka a gonar masara ko shinkafa ya jingina shi ne ga ruwan sama. Shi zai nuna masa hanyar cibiyar binciken noma ta Nyankpala don samun iri mai kyau, ko jami'ar fasaha ta Tamale idan sana'ar hannu yake so.

Tamale tana da wani abin koyi a kusa. Ƙungiyar BasicNeeds, wadda ke da mazauni a birnin, ta daɗe tana kafa ƙungiyoyin taimakon kai na masu lalurar ƙwaƙwalwa da farfaɗiya a arewacin Ghana, inda mambobi ke tunatar da juna shan magani, suna kuma haɗa ƙaramin jari. Wannan ya nuna cewa tallafin ɗan'uwa yana aiki a yankin idan an tsara shi.

Inda ƙarfinsa ya ƙare

Jagora ba ya maye gurbin likita. Binciken da aka yi a ƙasashen da suka daɗe da wannan tsari ya fi nuna amfaninsa wajen rage kaɗaici da kuma sa mutum ya yarda ya je asibiti ya kuma ci gaba da zuwa. Warkar da ciwon kansa aikin masana ne. Idan mutum ya fara maganar ya gaji da duniya, ko yana dukan iyalinsa, ko giya da ƙwaya sun fi ƙarfinsa, aikin jagora shi ne ya kai shi ga masu magani ba tare da ɓata lokaci ba.

A nan arewa take da giɓi. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na gwamnatin Ghana, wato na Accra da Pantang da Ankaful, duk a kudu suke, haka ma babban asibitin soja na 37. Mazaunin Tamale ya dogara ne ga asibitin koyarwa na birnin, da asibitin bariki, da ma'aikatan jinya na unguwanni. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta yi tanadin kusanto da kulawa ga jama'a, a 2023 kuma majalisa ta soke hukuncin da ake yi wa wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, abin da ya rage tsoron neman taimako.

Haka kuma jagoranci ba ya maye gurbin haƙƙi. Idan fansho ya makara, babu nasihar da za ta biya kuɗin makaranta. Shi ma jagoran yana buƙatar mai duba shi, domin sauraron labarin wani kan tayar masa da nasa tsohon mikin.

Dalilin da ya sa batun ya taso yanzu

Tamale ba ta da nisa da iyakar Burkina Faso, inda masu iƙirarin jihadi ke riƙe da yankuna masu faɗi. Ghana ta ƙara jibge sojoji a arewa, tana kuma cikin ƙasashen da suka kafa shirin tsaro na Accra a 2017. Nijar, Najeriya, Mali da Burkina Faso duk sun ɗebi sabbin sojoji masu yawa cikin shekaru goman da suka wuce, kuma duk wanda aka ɗauka yau, wata rana za a sallame shi.

Mutumin da ya iya bindiga, ya rasa aiki, ya kuma ji an manta da shi, abin nema ne ga 'yan bangar siyasa, masu rikicin sarauta da masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. Wanda aka riƙe hannunsa kuwa yakan zama mai sasanta rikici a unguwa, mai horar da matasa, ko manomin da ke ɗaukar wasu aiki. Abin da ke raba hanyoyin biyu sau da yawa yana faruwa ne a shekarar farko bayan sallama, lokacin da kuɗin ke hannu kuma abokan bariki suka yi nisa.